Manomi da Mai Bindiga: Waiwaye a Kan Fim ɗin Kaboyi na Jarumai Bakwai

Gabatarwa

Wataƙila wasu daga cikin 'yan'uwa marubuta su yi mamakin cin karo da sharhi a kan fim ɗin kaboyi a cikin mujallar da aka kafa domin raya adabin Hausa, har su ce me ya haɗa kifi da kaska. Dalilinmu shi ne labarin da fim ɗin yake ɗauke da shi. Labari ne na ƙauyen manoma wanda 'yan fashi suka mayar rumbunsu, duk kaka su zo su kwashe abin da aka noma, har mutanen ƙauyen suka gaji suka tafi neman masu bindiga su kare su. Duk wanda ke zaune a Tudun Wada ta Gusau, yana ganin mata da yara da suka baro ƙauyukansu daga yankunan Tsafe da Bungudu da Maru, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Fim ɗin shi ne The Magnificent Seven, wanda John Sturges ya ba da umarninsa a Amurka a shekarar 1960. A nan za mu riƙa kiransa Jarumai Bakwai. Manufarmu ita ce mu duba abin da ya faɗa, da abin da masu kallo suka ɗauka daga gare shi, da kuma abin da suka bari a ƙasa, domin a ganinmu abin da aka bari ɗin shi ne marubucin Hausa ya fi bukata a yau.

Yadda Kaboyi Ya Shigo Ƙasar Hausa

An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, daga nan gidajen suka yaɗu zuwa sauran manyan garuruwan Arewa, galibinsu a hannun Kwarori. Finafinan Amurka da na Ingila ne aka fara nunawa, kafin na Indiya su shigo a shekarun 1950, na Sin kuma su biyo baya. A cikin na Amurka babu wanda ya kama zuciyar samari kamar na kaboyi, kuma dalilin a fili yake. Ba sai mutum ya ji Turanci zai gane shi ba. Ga doki, ga shanu, ga ƙura, ga faɗa a kan burtali da mashaya, ga ɓarayin shanu. Fim ɗin Shane na 1953, alal misali, rikici ne tsakanin masu gonaki da mai garken shanu. Bahaushe da Bafillace sun san wannan tun kafin Bature ya zo da majigi.

Kalmar kaboyi ta zauna a bakin Hausawa, haka ma sunan Jango, wanda ya samo asali daga fim ɗin Django na 1966. Yara suka haɗa dokin kara da bindigar kara. Masu kallo suka raba 'yan wasa gida biyu, akwai akta akwai bos, aka kuma yi ittifaƙi cewa akta ba ya mutuwa. Mu da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1980 mun tarar da kaboyi ya fara ja da baya, Indiya da Sin sun karɓe fage. Bayan an fara aiki da shari'a a Zamfara a 2000 aka rufe gidajen sinima, kallo ya koma kaset, daga baya faifai, yanzu kuma waya. Amma labarin Jarumai Bakwai bai mutu ba, domin kamar yadda za mu gani, ya sake riga ya dawo mana ta wata ƙofa.

Labarin a Taƙaice

Wani ɗan ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Meziko, kusa da iyakar Amurka. Wani ƙasurgumin ɗan fashi mai suna Calvera, wanda Eli Wallach ya fito a matsayinsa, yakan sauko daga duwatsu da mutanensa 30 zuwa 40 ya kwashe hatsi da dabbobi. Ranar da ya harbe wani manomi da ya yi yunƙurin tanka masa, sai mutanen gari suka je wurin wani dattijo neman shawara. Ya ce su yi faɗa. Suka tattara ɗan abin da suka mallaka, suka tura mutum uku su sayo bindigogi.

A garin kan iyaka suka haɗu da Chris, wato Yul Brynner, wanda ya nuna musu cewa a wannan zamani ɗaukar hayar mutum ya fi sayen bindiga araha. Ya tara wasu mutum shida, daga cikinsu akwai Steve McQueen da Charles Bronson da James Coburn. Ladan kowannensu dala 20 ce da abinci, na aikin mako 6. Suka koya wa manoma harbi, suka gina shinge, suka kori Calvera a karon farko. Daga baya aka gano cewa mutanensa yunwa ce ke cin su, don haka tilas su dawo. Tsoro ya kama wasu daga cikin mutanen gari, suka buɗe wa Calvera hanya a ɓoye. Ya kama jaruman, ya raka su bayan gari, ya mayar musu da bindigoginsu, yana zaton ba za su sayar da ransu a kan dala 20 ba. Suka dawo. Aka kashe Calvera, amma huɗu daga cikin bakwai ɗin suka mutu. Ɗaya ya ajiye bindiga ya zauna a ƙauyen, biyu suka hau dawakinsu suka tafi.

Asalin Labarin da Jikokinsa

Amurkawa ba su ne suka ƙagi labarin ba. Sun aro shi ne daga Seven Samurai, wanda Akira Kurosawa ya yi a Japan a 1954. A can ma manoma ne suka ɗauki hayar mayaƙa bakwai masu takobi, kuma ladansu bai wuce cin abinci ba: manoman suna dafa musu shinkafa, su kuwa suna cin gero. Fim ɗin Amurkawan bai yi kasuwa sosai a gida ba da farko, a Turai ne ya yi tashe. Daga baya aka yi masa ci gaba a 1966 da 1969 da 1972, aka sake yin sa a 2016 da Denzel Washington. Kiɗan da Elmer Bernstein ya tsara masa ya shahara har kamfanin taba na Marlboro ya yi talla da shi. Mai karatu ya lura da wannan: fim ɗin da ya ƙare da cewa masu bindiga asararru ne, kiɗansa aka ɗauka ana tallata namijin da ke kan doki.

Ƙofar da labarin ya fi shigo mana ta ita ce Sholay, wanda Ramesh Sippy ya yi a Indiya a 1975. Da wuya a sami magidanci a Gusau da bai taɓa jin sunan Gabbar Singh ba. A Sholay jarumai bakwai sun koma biyu, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Ƙauyen ya koma Ramgarh, Calvera ya koma Gabbar, amma har yanzu hatsi ne ake zuwa karɓa. Yawancin waɗanda suka kalli Sholay a ƙasar Hausa ba su san cewa yana da kakanni a Amurka da Japan ba, kuma wannan shi ne ainihin tasiri: labari ya shiga jinin mutane har su manta inda suka samo shi.

Abin da Fim ɗin Ya Gani Daidai

Abu na farko shi ne halin Calvera. Bai zo ya ƙona ƙauyen ba. Yakan bar musu abin da zai riƙe su su sake shuka, domin idan manomi ya mutu, shi ma ya rasa rumbu. Yakan zauna ya sha abin sha da mai kantin garin, yana kukan tsadar rayuwa da nauyin ciyar da yaransa, kamar wani uban ƙasa da ke bayanin dalilin ƙarin haraji. Marubutan fim ɗin sun gane cewa fashin da ya daɗe yakan rikiɗe ya zama mulki. Manoman da ake sa wa kuɗi kafin su shiga gona, a sake sa musu kafin su yi girbi, su ne za su fi kowa shaida wannan.

Abu na biyu shi ne rabuwar kan mutanen gari. Sotero, mai kantin nan, shi ne ya jagoranci masu cewa a sallami baƙi a koma biyan Calvera. Mai kallo mai gaggawa zai kira shi maci amana ya wuce. Amma hujjarsa tana da nauyi: baƙon nan raɓa ne, gobe zai tafi, wanda zai zauna da fushin Calvera shi ne mai mata da 'ya'ya a garin. Irin wannan gardama ce Zamfara take yi shekara da shekaru. A 2019 gwamnati ta gwada sulhu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. A watan Yuli na 2022 masarautar 'Yandoton Daji da ke ƙasar Tsafe ta naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, abin da ya jawo aka dakatar da sarkin. A watan Janairu na 2024 kuma aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Ba aikin wannan mujalla ba ne ta yanke hukunci a kan waɗannan matakai. Abin da muke nunawa shi ne, tsakanin a biya da a yi faɗa babu wanda ba ya cin rai, kuma fim ɗin bai ɓoye haka ba.

Abu na uku shi ne wurin da ya fi ko'ina daraja a fim ɗin, ko da yake ba a harba bindiga a cikinsa ba. Wasu yara uku sun liƙe wa Bernardo, wato Charles Bronson, suna yi masa kallon gwarzo, har suka ce iyayensu matsorata ne. Sai ya kama ɗayansu ya tsula masa duka, ya gaya musu cewa ɗaukar bindiga ba shi ne jarumtaka ba, iyayensu da suke duƙe a gona kullum, ɗauke da nauyin iyali ba tare da tabbacin abin da damina za ta bayar ba, sun fi shi ƙarfin zuciya, kuma shi bai taɓa iya wannan ba. A ƙarshen fim ɗin ma dattijon garin ya maimaita ma'anar, Chris kuma ya amince da ita a gaban kaburburan abokansa: manoma ne kaɗai suka yi nasara. Bahaushe ya riga ya yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Amma idan muka tambayi waɗanda suka kalli fim ɗin abin da suke tunawa, za su ce wuƙar James Coburn da baƙaƙen kayan Yul Brynner.

Inda Fim ɗin Ya Gaza

Jarumai Bakwai yana da raunin da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Da fari, ya yi wa manoma kwalliya. An ɗauki fim ɗin a Meziko, hukumar tace finafinai ta ƙasar kuma ta dage cewa kada a nuna manoma cikin dauɗa, shi ya sa za a ga mutum ya wuni a gona amma farar rigarsa tas. Kurosawa ya fi gaskiya a nan. A fim ɗinsa an gano cewa manoman sun sha kashe mayaƙan da suka gudo daga fagen fama suna ɓoye sulkensu, kuma ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wanda shi kansa ɗan manoma ne, ya fito ya ce haka ne, manoma suna da rowa da ƙarya da kisa, amma a tambayi wanda ya mayar da su haka. Wanda aka zalunta yana iya yin zalunci. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara, da kashe-kashen ramuwar gayya da suka shafi Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, ya isa misali. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na biyu, fim ɗin ya nuna kamar da mutuwar Calvera magana ta ƙare. To, yunwar da ta sauko da mutanensa daga duwatsu fa? Ƙannensu da 'ya'yansu fa? Fim ɗin da kansa ya buɗe wannan ƙofa, sannan ya rufe ta da harsashi. Mun sha jin an kashe wani babban ɗan bindiga, kafin wata ya zagayo yaransa sun rabu gida uku.

Na uku, kuma shi ne mafi girma a gare mu, mai bindigar fim baƙo ne, ɗan fashin ma baƙo ne. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya hau doki ya ɓace, ƙauye ya koma yadda yake. Namu al'amarin ya sha bamban. Wanda ke daji da Hausa ko Fulatanci yake magana, kasuwa ɗaya aka ci da ubansa, mai kai masa labari da mai kai masa fetur a cikin gari suke kwana. Wanda aka ba bindiga ya tsare gari shi ma ɗan gari ne, ba shi da dokin da zai hau ya tafi idan an gama. Bindigar tana nan tare da shi ranar da rikicin gona ko na aure zai taso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, fim ɗin kuwa bai tsaya duba bangon ba.

Na huɗu, mata kusan babu su. An ɓoye su a bayan gari, aka fito da ɗaya domin soyayya. A nan Sholay ya ɗara shi, domin ya nuna mana matar da aka kashe wa miji tana zagayawa da fararen kaya tana kashe fitilu, ya kuma nuna makahon limamin da aka aiko masa da gawar ɗansa a kan doki, ya yi magana da mutanen gari sannan ya nemi a kama hannunsa zuwa masallaci.

Daɗin Sunan Mugu

Sai dai Sholay ya bar mana wata matsala ta daban. Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, ya fi jaruman fim ɗin farin jini. A Indiya an sayar da faifan maganganunsa, har aka yi tallar biskit da shi. Kada mu ɗora wa baƙi laifin wannan gaba ɗaya, domin mu ma muna da namu. Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri da mafarauta, Gambu ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin ya tuba ya daina. A rubutaccen adabi, wanda ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, zai tuna Mailoma ko da ya manta kowa. Ke nan sinima ta tarar da ƙasar a jiƙe ne ta yi shuka.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka hango haɗarin da wuri a yankinmu shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar. A 1966, shekara shida kacal bayan Jarumai Bakwai, ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Bature. Abin ya fara kamar wasa, ya koma satar dabbobi da cin mutuncin dattawa, ya ƙare da zubar da jini a tsakaninsu. Alassane ya juya labarin Amurkawa ne: a wurinsa masu kayan kaboyi su ne annobar ƙauye, kuma 'ya'yan ƙauyen ne.

Ba muna cewa fim ne ya haifi 'yan bindiga ba. Wannan magana ce ta rago. Satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da rashin adalci a gaban masu hukunci, da kwararowar makamai, da haƙar zinariya, duk sun fi sinima hannu a ciki. Abin da labari yake yi shi ne ya koya wa yaro wanda ya cancanci a kalla. Yau da 'yan bindiga suke ɗaukar kansu a waya da rawani da jigidar harsashi suna watsawa a TikTok, yara suna haddace sunayensu, tambayar da Bernardo ya amsa wa yaran nan uku ta dawo sabuwa, kuma malaman makaranta suna jin ta a cikin aji.

Darasi ga Marubutanmu

Adabinmu ya saba da gwarzo guda mai gagara, tun daga Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Matashin marubucin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin 'yan bindiga, hannunsa zai ja shi zuwa wannan hanya: a ƙago soja ko ɗan tauri da harsashi ba ya ci, ya shiga daji ya gama da kowa a babi na ƙarshe. Muna ba shi shawara ya tsaya ya sake tunani.

Ya sa tauraronsa ya zama wanda ke biya. Ya nuna mana daren da aka taru a zauren mai gari ana rabon kuɗin da aka yanka wa ƙauye gida gida, da wanda ya sayar da tunkiyar matarsa, da wanda ya ce ba shi da ko sisi alhali an san yana da su. Ya ba Soteronsa baki ya kare kansa, domin mai karatu ya ji tsoron cewa da shi ne zai iya yin haka. Ya nuna ɗan bindiga a matsayin mutum mai uwa da tarihi, amma kada ya yi masa kirari, kuma duk harsashin da ya harba a bi shi zuwa gidan da aka yi zaman makoki. Ya bar mata su yi magana, musamman wadda ta dawo daga daji da wadda ta karɓe ta. Sannan kada ya rufe littafinsa ranar da aka ci yaƙi. Ya ƙara babi guda, ya gaya mana inda bindigogin suka kwana bayan shekara ɗaya.

Kammalawa

Jarumai Bakwai ya cancanci sunan da ya yi. Zubinsa a miƙe yake, 'yan wasansa sun iya, kuma a ƙarƙashin ƙarar bindiga ya faɗi gaskiyar da finafinai irinsa ba su cika faɗa ba. Gazawarsa ita ce ya faɗi gaskiyar da baki, amma kyamararsa tana kan mahaya dawaki, masu kallo kuwa abin da ido ya gani suke tafiya da shi gida. Sturges da Kurosawa da Sippy duk daga nesa suka hango ƙauyen. Mu a cikinsa muke, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan marubutan Gusau da Tsafe da Bungudu ba su rubuta labarin manomin nan ba, wani zai zo daga waje ya rubuta, kuma akwai alamar zai sake ba mai bindiga shafin farko. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gonarsa lafiya, amin.